Attaura a Hannun Kirista: Dokar da Ta Rage da Wadda Ta Cika

Duk Kiristan da ya tashi a Damagaram ya san wannan tambaya, domin ana yi masa ita a fada wajen shan shayi, ana yi masa ita a Kasuwar Dole, ana kuma yi wa ƴaƴansa ita a makaranta. Galibi maƙwabci ne ko abokin sana'a yake yin ta, kuma ba da nufin gori ba: tun da Attaurar Annabi Musa tana cikin littafin da kuke riƙe da shi, don me ba ku bin abin da ta faɗa a kan naman alade, da kaciya, da ranar Asabar? Tambayar tana da nauyi, kuma ta fi ƙarfin amsar da yawancinmu muka saba bayarwa, wato mu ce ai wannan Tsohon Alkawari ne, mu ja bakinmu mu yi shiru. Wanda ya ba da wannan amsa ran Alhamis a kasuwa, shi ne zai zauna a majami'a ran Lahadi yana sauraron wa'azin zakka daga littafin Annabi Malakai, ya koma gida ya koya wa yaransa Dokoki Goma, alhali zakkar da dokokin duk daga Tsohon Alkawarin suka fito. Mai kallo daga gefe yana da hujja idan ya ce tsince muke yi, mu ɗauki abin da ya yi mana daɗi, mu ture sauran.

Ban yarda cewa koyarwar Kirista tsince ce ba, amma na yarda cewa Kiristoci da yawa tsince suke yi, saboda ba a koya musu ƙa'idar da ikilisiya ta bi tun farko ba. Ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun fara aiki a Zinder, wato Damagaram, a 1924, lokacin garin yana babban birnin mulkin Faransa a Nijar, kafin a mayar da mulkin Yamai a 1926, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Ke nan shekaru masu yawa littafin yana cikin harshenmu, duk mai karatun boko yana iya buɗe shi ya ga abin da ke ciki, kuma a ƙasar da mutane suke auna rayuwarsu da halal da haram kamar tamu, ba ranar da za a daina tambayar.

Sai a fara da girman al'amarin. Malaman Yahudawa sun ƙidaya dokokin littattafai biyar na Musa sun ce 613 ne, 248 na umarni, 365 na hani, kuma Musa ɗan Maimun, masanin da ya rasu a Masar a 1204, ya jera su ɗaya bayan ɗaya a wani littafi da ya rubuta da Larabci. Alade ɗaya ne kawai daga cikin abin da sura ta 11 ta Littafin Firistoci ta hana. Ayoyin da suka gabace shi sun hana raƙumi, wanda ake yankawa a ƙasar nan ana ci ba wata shakka, sun hana zomo, na bayansa kuma sun hana duk kifin da ba shi da kamɓori, tarwaɗa ke nan ta fita. Fara kuwa an halatta ta. A sura ta 19 aya ta 19 an hana shuka iri biyu a gona ɗaya, da sa tufar da aka saƙa da zare iri biyu. Manomi Kirista a Mirya ko Matameye da ya shuka hatsi ya ratsa wake a tsakani, kamar yadda kowa ke yi, ya karya wannan doka a zahirinta, kuma babu faston da ya taɓa kiransa ya tuba. Amma ayar da ke gab da ita, ta 18, ita ce ta ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, wadda Yesu ya sa ta biyu a cikin manyan dokoki. Ayoyi biyu a jere, ɗaya ta zama ginshiƙin addini, ɗayar ko tunawa da ita ba a yi, kuma wannan ne ainihin abin da ke buƙatar bayani.

Akwai hanyoyi biyu masu sauƙi, dukansu sun taso a ƙarnukan farko, ikilisiya kuma ta ƙi su. Ta farko ita ce a yar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya. Wani mutum mai suna Markiyon, ɗan garin Sinop a bakin Bahar Aswad, ya koyar a Roma cewa Allahn da ya ba Musa shari'a dabam yake da Uban Yesu, ya tsaya ga Bisharar Luka da ya yanke wa wasu sassa da wasiƙun Manzo Bulus guda goma, ikilisiyar Roma kuwa ta fitar da shi a shekara ta 144. Ta biyu ita ce a riƙe shari'ar dukanta yadda take, kamar yadda wata ƙungiyar Yahudawa masu bin Yesu da ake kira Ebiyonawa ta yi, har ta kai su ga ƙin Bulus da wasiƙunsa. Abin da ya toshe hanyoyin biyu shi ne maganar Yesu da kansa a Matiyu 5:17, inda ya ce bai zo ya rushe Attaura da littattafan annabawa ba, ya zo ya cika su ne. Wanda ya ce wa yaro ai wannan Tsohon Alkawari ne, da nufin cewa ba shi da sauran amfani, ya koma hanyar Markiyon bai sani ba.

A nan ne ake ganin cewa doka da annabci ba sa rabuwa a koyarwar Kirista. Annabi Irmiya ya yi wa'azi a Urushalima a shekarun da sojojin Nebukadnezzar na Babila suka kewaye ta suka ƙona haikalinta, wajen shekara 586 kafin haihuwar Almasihu. Cikin wannan rushewa ne ya faɗi, a sura ta 31 daga aya ta 31 zuwa ta 34, cewa kwanaki suna zuwa da Allah zai ƙulla sabon alkawari da jama'arsa, ba irin wanda ya ƙulla da kakanninsu sa'ad da ya fito da su daga Masar ba, wanda suka karya. A wannan karo zai sa shari'arsa a cikinsu ya rubuta ta a zukatansu, ya gafarta laifinsu, ba zai ƙara tunawa da zunubinsu ba. Ezekiyel, yana can zaman bauta a Babila, ya yi irin wannan magana a sura ta 36, ya ambaci zuciyar tsoka a maimakon ta dutse, da Ruhun Allah a cikin mutum yana sa shi bin umarni. Tun kafin su Yusha'u ya ce Allah ya fi son jinƙai da hadaya, Ishaya da Amos kuma suka ce ya gaji da idodi da ƙone-ƙonen dabbobi na mutanen da ke danne marayu da matalauta. Wato tun a cikin Tsohon Alkawari akwai bambanci tsakanin doka mai nauyi da wadda take yi mata hidima, akwai kuma sanarwa cewa tsarin da aka kafa a Dutsen Sina'i ba shi ne na ƙarshe ba.

A daren da aka ci amanarsa aka ba da shi, Yesu ya ɗauki ƙoƙo ya ce wannan shi ne sabon alkawari a cikin jininsa. Wasiƙa ga Ibraniyawa ta kawo maganar Irmiya dukanta a sura ta 8, ta gina hujjarta a kai: hadayun dabbobi inuwa ce ta hadaya ɗaya da ke zuwa, jinin bijimai da awaki ba ya ɗauke zunubi, da hadayar gaskiya ta zo kuwa aikin inuwar ya ƙare. Kamar sa rana ne da ɗaurin aure, ranar da aka ɗaura ba wanda zai ce sa ranar ƙarya ce, amma ba wanda zai ci gaba da zaman jira. A shekara ta 70 sojojin Roma suka rushe haikali na biyu, daga nan ko Bayahude ba shi da inda zai miƙa hadayun da Attaura ta umarta.

Adalci ne a faɗi cewa Yahudawa ba haka suke karanta Irmiya ba. A wurinsu shari'ar da za a rubuta a zuciya ita ce dai ta Musa, ba a rage mata komai ba, kuma lokacin bai yi ba tukuna. Saboda haka gardamar alade da Asabar, in aka bi ta har tushe, gardama ce a kan ko wane ne Yesu. Ƴan'uwanmu Musulmi kuma ba baƙon abu ba ne a gare su a ce annabin baya ya sassauta hukuncin na farko, domin Alƙur'ani a Suratu Ali Imrana ya kawo Annabi Isa yana gaskata Attaura, yana kuma halatta wani sashe na abin da aka haramta. Inda muka rabu shi ne dalilin sassaucin, wanda a wurinmu gicciye ne da tashi daga matattu, kuma gara a faɗi wannan a fili cikin girmamawa da a tsaya ana jayayya a kan abin da ke cikin tukunya.

Hukuncin farko a aikace an yanke shi wajen shekara ta 49. Wasu mutane sun zo Antakiya daga Yahudiya suna gaya wa sababbin masu bi waɗanda ba Yahudawa ba cewa in ba su yi kaciya bisa al'adar Musa ba, ba su da ceto. Gardama ta yi zafi, aka tura Bulus da Barnaba Urushalima. Ayyukan Manzanni sura ta 15 ta nuna yadda shawarar ta gudana. Bitrus ya tuna musu yadda Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, ta wa'azinsa ba tare da kaciya ba, kamar yadda ya faru a gidan Karniliyus, hafsan sojan Roma. Yakubu, shugaban ikilisiyar Urushalima, mutumin da aka sani da riƙon shari'a, bai yanke hukunci da ra'ayin kansa ba, sai ya jawo annabcin Amos cewa Allah zai sake gina rusasshiyar bukkar Dawuda domin sauran al'ummai su neme shi. Wasiƙar da suka aika ta nemi abu huɗu kawai: a guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da dabbar da aka shaƙe, da fasikanci. Bulus ɗin nan ya yi wa Timoti kaciya don kada ya zama abin tuntuɓe ga Yahudawan da za su yi wa'azi a cikinsu, amma ya ƙi yarda a yi wa Titus ita sa'ad da aka nemi a mai da ita sharaɗin ceto. Kiristocin ƙasar Hausa suna yi wa ƴaƴansu maza kaciya kamar kowa, kuma ba laifi a ciki, muddin ba a ce da ita ake samun karɓuwa wurin Allah ba.

Daga baya masana suka tsara wannan fahimta kashi uku. Toma na Akwino, wanda ya rasu a 1274, ya raba dokokin Musa zuwa na ɗabi'a, na ibada, da na shari'ar ƙasa, kuma da Furotesta suka rabu da Roma ba su yar da rabon ba, domin yana nan a sharuɗɗan bangaskiya 39 na ikilisiyar Ingila na 1571, da shaidar bangaskiya ta Westminster ta 1646. Na ibada sun cika a Almasihu, na ƙasa sun ƙare tare da daular Isra'ila ta da can, na ɗabi'a kuwa suna nan daram domin daga halin Allah suka fito. Rabon yana sauƙaƙa koyarwa ga masu shirin baftisma, amma Musa bai sa alama a gefen kowace aya ba, kuma haɗarin shi ne mutum ya ce wa doka ai ta ƙasa ce ya wuce, bai tambayi abin da ta nuna game da nufin Allah ba.

Maimaitawar Shari'a 22:8 ta ce wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufinsa rawani, don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Maginan Birni, tsohuwar unguwar Zinder, da suke ɗora wa soro rawani sun san abin ba tare da sun karanta ayar ba. Wanda ya yi rufin kwano ba a ce ya yi masa rawani ba, amma hukuncin da ke ƙarƙashin dokar yana bin sa: ran wani yana wuyansa a duk abin da ya gina, ko ya haƙa, ko ya tuƙa, daga rijiyar da aka bari a buɗe har motar da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinta a hanyar Tanut. Haka dokar da ta ce kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun mai gona, da wadda ta ce a bar gefen gona da kala domin matalauci da baƙo. Duka biyun suna cikin sura ta 19 ɗin nan ta Firistoci, ba kasafai ake jin su a wa'azi ba, ga shi kuwa Yakubu ya maimaita ta ladan masu girbi a wasiƙarsa da kakkausar murya. Haka Bulus ma ya karanta shari'a, ya ɗauki dokar da ta hana a sa wa takarkari takunkumi yana sussuka, ya fitar da haƙƙin ma'aikaci daga cikinta.

Asabar ce ta fi wuya, domin tana cikin Dokoki Goma su kansu. Masu bi na farko sun riƙa taruwa a ranar farko ta mako, ranar da Yesu ya tashi, kamar yadda Ayyukan Manzanni 20:7 ta nuna, Yustinu Shahidi kuma, wani marubuci Kirista na da, ya bayyana taron Lahadi wajen shekara ta 150, saboda haka masu cewa Sarkin Roma Konstantin ne ya ƙirƙiro Lahadi ba su faɗi daidai ba. Abin da ya yi a 321 shi ne ya mai da ita ranar hutu a daularsa. Bulus a Kolosiyawa 2:16 ya ce kada kowa ya hukunta mai bi a kan ci da sha, ko idi, ko Asabar. Duk da haka ikilisiyar Habasha, wadda ta girmi yawancin na Turai, tana girmama Asabar tare da Lahadi, ba ta kuma cin alade, ƴan Adbentis kuwa, masu yin sujada ran Asabar, suna cewa ba mai ikon taɓa ko ɗaya daga cikin goman. Ban bi ra'ayinsu ba, amma tambayarsu tana tilasta mana duba abin da muka yi sakaci da shi. Dokar ta ambaci bawa da baiwa da baƙo da dabba, wato ta tsaya wa wanda ba shi da ikon ba kansa hutu. Uwargidan da ke zuwa sujada ta bar yarinyar aikinta ba hutun yini ɗaya a mako, ta kiyaye Lahadi, amma abin da Asabar take nufi ya wuce ta.

Tarihin Adbentis ɗin yana da wani darasi game da annabci. Sun fito ne daga cikin mabiyan William Miller, wani mai wa'azi a Amurka, wanda ya ɗauki kwana 2300 na Daniyel 8:14 ya lissafa kowane kwana shekara, har mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844 a matsayin ranar dawowar Almasihu. Ranar ta zo ta wuce, sai a 1863 wani sashe nasu ya kafu ya zama ikilisiyar da aka sani a yau. Irin wannan lissafi bai ƙare ba, yanzu ta WhatsApp yake iso mana, kowane yaƙi a Gabas ta Tsakiya sai an samo masa aya a Wahayin Yahaya. Shari'ar da ake ganin ta tsufa ita ce ta ba da ma'auni: Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce wanda ya faɗi abu da sunan Ubangiji bai auku ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba, sura ta 13 kuma ta ƙara cewa ko alamarsa ta auku, in yana jan mutane ga wani allah, kada a saurare shi. Yesu kansa ya ce ranar da sa'ar ba wanda ya sani sai Uba.

Inda tsince ya fi bayyana a majami'unmu shi ne zakka. Ana yawan karanta Malakai 3:8-10 kafin karɓar baiko, har da la'anar da ke cikinta, amma ba a cika karanta Maimaitawar Shari'a 14 ba, inda mai gona yake cin zakkarsa da iyalinsa a gaban Allah cikin murna, a shekara ta uku kuma ya tara ta a garinsu domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Lawiyawa, kabilar masu hidimar ibada a Isra'ila, sun karɓi zakka ne domin ba a ba su rabon ƙasa ba. Bayar da kashi ɗaya bisa goma al'ada ce mai kyau, kuma majami'ar da ta bar fastonta da yunwa ta saɓa wa Bulus, wanda ya ce masu shelar bishara su ci daga bishara. Amma shi ne kuma ya ce kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da tilas ba, ya ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar shari'a. Wanda ya ce dokar abinci ta cika, sa'an nan ya tsoratar da gwauruwa mai tuyar ƙosai da la'anar Malakai, ba wata ƙa'ida ya bi ba sai ta aljihunsa, kuma ya kamata dattawan ikilisiya su faɗa masa haka.

A kan nama kuwa, Yesu ya ce a Markus 7 ba abin da ke shiga ciki ne yake ƙazantar da mutum ba, sai abin da ke fitowa daga zuciya, don haka Kirista ba ya ɗaukar alade haram. Amma Bulus, wanda ya fi kowa kare wannan ƴanci, shi ne ya ce in nama zai sa ɗan'uwansa tuntuɓe ba zai ƙara cin nama ba har abada. Shi ya sa gidajen Kirista da yawa a ƙasar Hausa ba sa kawo shi kusa da tukunyarsu, in Kirsimeti ta zo kuma sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka ragon, don kowa a unguwa ya ci da kwanciyar rai. Dokar ƙaunar maƙwabci ce take aiki a nan, daidai inda dokar abinci ta tsaya.

Kada kuma a zaci sauƙi kawai cikawar shari'a ta kawo. Ido don ido, haƙori don haƙori, a Fitowa 21 hukunci ne na gaban alƙalai, kuma iyaka ce da ta hana a ɗauki rai a kan haƙori. Yesu a Matiyu 5 ya wuce iyakar, ya hana mai binsa ramuwa, ya ce a ƙaunaci maƙiyi a yi wa mai tsanantawa addu'a, kamar yadda ya kai hanin kisa har ga fushi, hanin zina har ga kallo. Mu a Zinder mun san nauyin wannan tun ranar Jumma'a 16 ga Janairu 2015, da aka ƙona majami'u a garin nan bayan zanga-zanga kan zanen ɓatancin wata jaridar Faransa, aka rasa rayuka, iyalai suka fake a barikin soja, washegari wutar ta kama Yamai. Akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu a gidajensu, kuma shugabannin majami'u sun yi kira da a yafe. Wanda aka ƙona wa gida yana iya jin kiran kamar an ce haƙƙinsa ya bi ruwa, amma ba haka koyarwar take ba. Romawa 12 ta hana mai bi ɗaukar fansa da hannunsa, sura ta 13 da ke biye kuma ta ce hukuma ba a banza take riƙe da takobi ba. Saboda haka Kirista yana yafe wa wanda ya ƙona masa ɗakin sujada, ya gaishe shi in sun gamu a hanya, ya kuma tsaya gaban hukuma ya nemi a bincika, a hukunta, a biya abin da aka ɓarnata, domin aikin da shari'ar Musa ta ba alƙalai yana nan a wuyan alƙalai, an dai cire shi ne daga hannun wanda aka cuta.